Littafin Kakarki Yana Wurina

'Yata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya maigidanki da yara? Na ga saƙonki a kan babban ɗanki, cewa ya daina zuwa sujada, in kin yi magana kuma sai ya tashi ya bar miki ɗakin. Ban amsa da wuri ba, don tun da na karanta Mama, kakarki, nake ta tunawa.

Ke da tsufanta kika san ta, tabarau a kan hanci, Littafi Mai Tsarki a cinya, alawa a jaka saboda jikoki. Ni kuwa na san ta lokacin da nake hana ta barci. Ban taɓa gaya miki ba, amma da samartaka na yi shekaru ban taka ƙofar coci ba. Sau ɗaya tak ta zaunar da ni ta wanke ni tas. Daga ranar ba ta sake tayar da zancen ba, ba ta kuma taɓa hana ni abinci ko gaisuwa ba. Sai dai kullum da asuba nakan jiyo muryarta ta bango, tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya a gaban Allah. In ta iso kan nawa sai ta daɗe. Haushi nake ji, in ja bargo in rufe kai, amma bargo ba ya tare murya.

Tana son labarin Monika, wadda ta yi ta kuka da addu'a saboda ɗanta Agustin har aka yi masa baftisma a birnin Milan a shekara ta 387, Monika kuma ta rasu a shekarar da aka yi baftismar. Mama takan yi dariya ta ce ta roƙi Ubangiji kada ya sa ta jira har shekararta ta ƙarshe. Ya kuwa ji ta.

Kada ki ɗauka mala'ika ce. Tana da saurin fushi a kan makara, kuma muryarta a waƙa, Allah ya ba mu haƙuri, ba ta taɓa hawa daidai da ta sauran ba. Amma in wani ya kwanta ciwo a ikkilisiya, kafin fasto ya ji labari ita ta riga ta je ta dawo.

Jiya na buɗe littafinta. A 2 Timoti 1:5, inda Bulus yake tuna wa Timoti bangaskiyar kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki, ta jera sunayen jikokinta a gefen shafi. Naki na nan. Can ƙasa, da rubutu mai karkarwa, akwai na yaron nan da kike kuka a kansa.

Don haka ki faɗa masa gaskiya sau ɗaya, a fili, ba a gaban ƙannensa ba. Sannan ki rage wa'azi a kan tebur. Ki tambaye shi makaranta, ki yi dariya in ya ba da dariya, sauran maganar ki kai ta inda Mama take kai tawa.

Zan aiko miki da littafin. Bangon ya yage, amma kada ki bayar a gyara, masu ɗinki kan datse gefen shafi, sunayen kuwa a nan suke.

Mahaifinki