Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Kan Tiyatar Gwiwar Yara

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni uba ne, ba likita ba. Ɗana yana da shekara 13 ya juya a filin ƙwallo ƙafarsa a kafe, gwiwar ta ce ƙas, kafin dare ta kumbura suntum. Hoton MRI ya nuna jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda ake kira ACL, ta tsinke. Galibi ba a ɗinke ta, sabuwa ake dasawa: a huda ƙashin cinya da na ƙwauri a zura ta.

To, a nan gizo ke saƙar. A jikin yaro, daidai wurin hudar nan ne guringuntsin da ƙashi ke tsawo ta cikinsa yake. Na ƙasan cinya kaɗai yana ƙara kusan santimita 1 a shekara, kuma ba ya rufewa sai wajen shekara 14 ga mata, 16 ga maza. In aka ji masa rauni, ƙafar na iya gajarta ko ta karkace. Shi ya sa ƙwararru suke da dabaru: ko a zagaye ƙashin da jijiyar gefen cinya ba tare da huda ba, ko a huda ba a ratsa guringuntsin ba, ko, ga wanda ya kusa gama girma, a ratsa shi da ƙaramin rami, kada a kafa ƙusa a kansa.

Likitan da muka fara gani ko hoton hannu bai nema ba don sanin shekarun ƙashin yaron, ranar tiyata kawai ya sa mana. Na biyun ne ya zaunar da mu ya zana komai a takarda. Na yi ta tunanin iyayen da suka tsaya a na farko.

Roƙona shi ne ma'aikatarka ta buɗe rajistar wannan tiyata, irin wadda Norway ta fara a 2004, a riƙa rubuta dabarar da aka bi da abin da ya biyo baya, a kuma wajabta auna tsawon ƙafafun yaro har ya gama girma. A ja wa kociyoyi kunne su ma kan gaggauta mayar da yara fili, domin cikin matasan da suka koma wasa, kusan ɗaya cikin huɗu na sake tsinka jijiyar, ko a wannan gwiwa ko a ɗayar. Ɗana yanzu wata bakwai da tiyata, yana zuwa gashin ƙashi, kocinsa kuwa har ya fara kira.

Naka,
Wani uba