A Daina Yi Wa Littattafan Raha Na 'Yan Mata Kuɗin Goro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci kan wani sharhi da ya fito a shafinku na adabi, inda mai sharhin ya tattara ƙagaggun labaran barkwanci da ake rubutawa kan 'yan mata, da soyayyarsu da ƙawancensu da yawan zargin kansu, ya yi musu kuɗin goro, ya ce abin rage dare ne kawai da bai cancanci a kira shi adabi ba. Ni malamar makaranta ce, na daɗe ina karanta irin waɗannan littattafai, ina kuma ba ɗalibaina aronsu, don haka ina ganin malamin ya yanke hukunci tun bai gama sauraron shari'ar ba.

Da farko dai wannan salo ba jiya aka fara shi ba. Tun a shekarar 1778 Frances Burney ta fitar da Evelina a Ingila ba tare da ta sa sunanta ba, labarin yarinya 'yar shekara goma sha bakwai da ta shiga birnin Landan ba ta san dokokin zaman manya ba, take ta tafka kurakurai, tana kuma rubuta su a wasiƙu cike da kunya. Jane Austen, wadda ta karanta Burney ta kuma ƙaru da ita, ita ma da littafinta na farko ya fito a 1811 abin da aka rubuta a madadin sunanta shi ne cewa wata mace ce ta rubuta shi. Shekara ɗari biyu bayan rasuwarta, wato a 2017, Babban Bankin Ingila ya sa hotonta a takardar fam goma, alhali kuwa abin da ta rubuta bai wuce 'yan mata da maneman aurensu da tsegumin maƙwabta ba.

Bari in tsaya kan littafinta Emma, wanda ya fito a ƙarshen 1815, domin a nan ne ake ganin yadda rahar take aiki. Emma yarinya ce mai dukiya da kaifin basira, mai jin cewa ta iya haɗa aure. Ta ɗauki ƙawarta Harriet, wadda ba a san iyayenta ba, ta zuga ta har ta ƙi wani manomi mai mutunci da ke sonta da gaskiya, wai don ta haɗa ta da limamin cocin garinsu. Mai karatu yana gani ƙuru-ƙuru cewa limamin Emma yake so, ita kuwa duk wata alama da ya nuna sai ta fassara ta da cewa ta Harriet ce, har ranar da ya furta mata da bakinsa. Wannan tazara da ke tsakanin abin da mai karatu ya hango da abin da jarumar ta kasa gani ita ce tushen dariyar. Daga baya Emma ta yi wa wata dattijuwa matalauciya mai yawan surutu gatse a bainar jama'a, aka yi mata faɗa a keɓe, ta koma gida tana hawaye. Daga nan ta fara shakkar hukuncin kanta, kuma wannan shakka ce ta gyara ta. Ban san wani wa'azi kan girman kai da ya fi wannan shiga jiki ba, ga shi kuma babu inda marubuciyar ta hau mumbari.

Akwai kuma wata shakkar kai ta daban, wadda ba ta gyara mutum, sai dai ta ci shi kamar gara. Ita ce Helen Fielding ta kama a Bridget Jones's Diary, wanda ya fara a matsayin shafi a jaridar The Independent a 1995, ya zama littafi a 1996, aka kuma yi fim ɗinsa a 2001. An tsara shi kamar kundin sirri na wata mace da ta haura shekara talatin ba ta yi aure ba, dangi da abokan iyayenta na damunta da tambayar yaushe ne. Kusan kowace rana tana buɗe rubutunta da lissafi: nauyin jikinta, yawan abin da ta ci, da sauran halayen da ta yi alkawarin bari ta kasa. A shafin farko nauyin da take kuka da shi bai ma kai kilo 60 ba. Mai karatu zai yi dariyar alkawarin safe da ya rushe kafin la'asar, sai can ya lura cewa matar nan lafiyarta ƙalau, ma'aunin da take auna kanta da shi ne ya karkace, kuma ba ita ta ƙera shi ba. Wata ɗalibata da ta dawo mini da littafin ta ce ta yi dariya har cikinta ya ƙulle, amma da ta kammala sai ta daina wani lissafi irin wannan da ta daɗe tana yi a ɓoye. Da nasiha na yi mata kai tsaye, na tabbata da ta saurara cikin ladabi ta ci gaba da abinta.

Abin da mai sharhin bai ambata ba sam shi ne ƙawance, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan waɗannan labarai, ko da yake bangon littafi soyayya yake tallatawa. Saurayi kan ɓace babi uku ko huɗu, ƙawaye kuwa suna nan a kowane shafi, su ne masu ba da shawara, mai kyau da maras kyau, su ne kuma masu faɗin gaskiyar da babu mai iya faɗa. Wannan bai tsaya ga Turawa ba. A 2005 Raja'a Assani', 'yar ƙasar Saudiyya, ta buga Banatur Riyad a Labanan, labarin ƙawaye huɗu da wata da ta ɓoye sunanta take bayarwa ta saƙonnin imel duk ranar Juma'a, cikin shaguɓe da ba'a. A ciki akwai wadda mijinta ya saka tana da ciki, akwai wadda aka rabu da ita bayan ɗaurin aure tun kafin ta tare. Waɗannan ba abubuwan dariya ba ne, amma muryar raha ce ta ba marubuciyar damar faɗinsu har aka saurara, littafin ya tayar da muhawara mai zafi a ƙasarta, aka kuma fassara shi zuwa harsuna da dama.

Ba zan ce mai sharhin bai da gaskiya ko kaɗan ba. Bayan nasarar Bridget kamfanonin ɗab'i sun yi ta fitar da kwaikwayo masu bango ruwan hoda da zanen takalmi da jaka, har aka laƙaba wa salon wani sunan raini da ma'anarsa ta yi kusa da adabin 'yan tsaki. Da yawa daga cikinsu sun ɗauki tuntuɓe da zubar da abin sha a jikin riga a matsayin barkwanci, sun mayar da jarumar sakarya don a yi mata dariya, sannan a shafin ƙarshe wani attajiri ya aure ta, a ce ciwon ya warke. Irin wannan ni ma ba na ba ɗaliba, domin yana koya mata cewa darajarta tana hannun wanda ya zaɓe ta. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: ina duba ko ana dariya tare da yarinyar ne ko kuwa ita ake yi wa dariya, sannan ina duba ko a ƙarshen labari ta san wani abu game da kanta da ba ta sani ba a farkonsa. Amma samun jabu a kasuwa bai taɓa zama hujjar cewa babu na gaske ba, kuma ban ga an yi wa labaran yaƙi ko na 'yan sanda irin wannan hukunci ba saboda rubabbun cikinsu. Na kuma lura cewa idan namiji ya rubuta wautar saurayi, sai a yaba a ce ya yi wa al'umma hannunka mai sanda, idan mace ta rubuta ta budurwa sai a ce hira ce.

Sa mai karatu kuka ya fi sauƙi a kan sa shi dariya, domin mutuwar uwa ko zaluncin miji sun isa su kawo hawaye ko da alƙalamin bai da kaifi, ita kuwa raha sai an iya lokacinta, kalma ɗaya ta yi yawa sai ta mutu. Harshenmu yana da kayan aikin nan a wadace, akwai habaici da gatse da zambo da shaguɓe da ba'a, kowanne da muhallinsa, kuma duk wanda ya taɓa jin 'yan mata uku suna tattauna wasiƙar saurayi ya san ba a rasa gwanaye ba. Saboda haka nake roƙon, Malam Edita, a ware wa irin waɗannan littattafai gurbi a shafin adabi, a riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya ana faɗin wanda ya yi kyau da wanda ya gaza da dalilin haka, a kuma gayyaci mata marubuta su gwada gajerun labaran raha a shafin. Idan malamin da ya yi sharhin yana so, a shirye nake in aiko masa da Emma ta ofishinku, da sharaɗin ya karanta har ƙarshe kafin ya ba ni amsa.

Wassalam.

Taku mai karatu a kullum,
Wata malamar adabi.