Albashin Tailan da samarinmu ke bugawa da naira, da littafin cefanen wata uwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafinka na wasiƙu in amsa wata tambaya da ake ta yi mini a waya, ko Allah zai sa amsar ta isa kunnen da ya kamata. Shekarata goma sha ɗaya a Bankok, babban birnin Tailan, ina sayen kayan sawa a kasuwar Pratunam ina ɗaurewa ina turo wa 'yan kasuwarmu na Kwari. Tun da labari ya iso gida cewa daga 1 ga Yulin 2025 mafi ƙarancin ladan ma'aikaci a Bankok ya koma bat 400 (bat shi ne kuɗin Tailan) a yini, samari suke ta bugo mini: "Alhaji, don Allah ka nema mana hanya." Sun riga sun yi lissafinsu. Aikin kwana 26 ya ba da bat 10,400, idan aka canza ya haura naira dubu ɗari huɗu, ga namu na gida yana dubu saba'in. Lissafin babu kuskure a ciki, amma kallon kitse suke wa rogo, kuma ina da shaidar da zan kafa.

A siton da nake ɗaure dila akwai wata baiwar Allah da ta fi shekara biyar tana ninke mana kaya. 'Yar lardin Roi Et ce, a yankin Isan na arewa maso gabas, inda ake noma shinkafar nan mai ƙamshi. Mijinta ɗan acaɓa ne, irin masu lemun riga da ke tsayawa a bakin lungu. 'Ya'yansu biyu, mace mai shekara bakwai da namiji da bai cika biyu ba. Tana kirana "Pi", wato yaya. Wata Juma'a da yamma, bayan na dawo daga masallaci, na tarar da ita zaune a kan dila da wani ɗan littafi mai bangon roba, tana jan layi tana gogewa. Na tambaye ta lafiya, sai ta miƙo mini shi, ta ce, "Pi, kai da ka iya lissafi, duba mini inda nake ɓarna." Da izininta nake kawo abin da na gani.

Daga bat 10,400 ɗin nan ana cire kashi biyar cikin ɗari na asusun inshorar ma'aikata, sai 9,880 su shigo hannunta. Mijin, bayan ya sha mai, yakan haɗa wajen 13,000 a watan da ruwa bai hana shi fita ba. Saboda ƙaramin yaron gwamnati na ba su bat 600 a wata, tallafin da aka fara a 2015 aka kuma faɗaɗa shi a 2019 ya kai har yaro ya cika shekara shida a gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Asusun inshorar ma yana ƙara musu 1,000. Duka-duka dai abin da ke shigowa bai wuce 24,500 ba, kuma mutum biyu ne ke fita tun duku-duku su nemo shi.

Ɗakinsu ɗaya ne, mai banɗaki a ciki, a hawa na huɗu babu lifta, hayarsa 3,500. Wuta da ruwa 1,100, domin mai gidan yana sayar musu da wutar bat takwas kowane yunit, kusan ninki biyu na farashin hukuma, kuma a watan Afrilu da zafi ke kai wa maƙura fanka ba ta hutawa dare da rana. Abinci ne ya fi cin kuɗin: bat 300 a yini su uku, 9,000 ke nan a wata. Farantin shinkafa a bakin titi yanzu bat 50 ne ko fiye, don haka tukunyar lantarki take jonawa ta dafa shinkafar da mahaifiyarta ke aiko musu daga gona, ta sayo miya leda ɗaya a kasuwar yamma, ta soya ƙwai a ƙara. Ruwan sha a injin da ke ƙasan bene take tara, bat ɗaya lita. Na ga wasu ranaku a ƙarshen wata da ta rubuta "Mama" kawai, taliyar nan ta leda irin indomi, wadda a 2022 aka ƙara mata kuɗi daga bat shida zuwa bakwai har abin ya zama babban labari a ƙasar. A lokacin ban fahimci dalilin surutun ba. A littafin nan na fahimta.

Babur ɗin mijin na bashi ne, 2,400 duk wata, ita kanta rigar acaɓar hayarta yake biya 1,500 ga mai ita. Kuɗin tara na yarinya, motar ita uwar, katin waya, sabulu da gas, sun tasam ma 2,400. Sai layi biyu na ƙarshe, waɗanda su ne dalilin wannan wasiƙa: madara da kunzugun yaro 2,800, da kuma 2,000 da aka rubuta "Yai" a gabansu, wato kaka ta wajen uwa. Na tara sau biyu, 24,700 nake samu. Na mayar mata da littafin na ce babu ɓarna ko ta bat ɗaya. Ta yi shiru, ta sa shi a jaka, ta koma ninke kaya.

Malam Edita, yaron nan ba ya Bankok. Lokacin da ta haife shi hutun haihuwa kwana 98 ne a doka. Da suka ƙare ta nemi mai raino a unguwarsu, aka ce mata 4,500 a wata, kuɗin da ya kusa rabin albashinta. Idan ta bar aiki ta zauna da shi, haya ta gagara. Sai ta ɗauke shi yana wata uku ta hau motar dare a tashar Mo Chit, ta kai wa mahaifiyarta ƙauye, ta kwana biyu ta dawo da nono yana zuba a riga. Tsohuwar ta haura sittin, ita ma bat 600 gwamnati ke ba ta na tsufa, ga jikoki biyu na ɗanta da ke aiki a Chonburi suna hannunta. Haka ƙauyukan Isan suke, tsofaffi da ƙananan yara, masu ƙarfin duk sun tafi ci-rani birni.

Kullum da azahar, in an tashi cin abinci, takan jingina waya da kwalbar ruwa ta kira gida ta bidiyo, tana ci tana kiran sunansa, shi kuwa yana ta kai hannu ga wayar. Sau biyu take ganinsa a shekara, da sabuwar shekara da kuma Songkran, bikin sabuwar shekararsu ta gargajiya, a tsakiyar Afrilu. Bana da ta dawo daga Songkran na tambaye ta yaro, ta ce ya yi ƙiba, yana tafiya, amma da ta miƙa hannu sai ya ruga ya ɓuya a bayan zanen kakarsa, sai a kwana na uku ya yarda ta ɗauke shi, washegari kuma ta juyo. Tana faɗa tana ninke riguna, ba ta ɗago ba. Ni ma ina da 'ya'ya a Kano da nake gani sau ɗaya a shekara, amma suna tare da uwarsu. Ranar ban iya cin abincin dare ba.

Kada a ce ban faɗi alherin ƙasar ba, domin akwai shi, kuma shi ne abin da nake so masu mulkinmu su duba. A littafin nan babu layin asibiti. Tun 2002 Tailan ke da tsarin lafiya na kowa da kowa, wanda aka fi sani da tsarin bat 30, da aka kafa zamanin Firaminista Thaksin Shinawatra. Bara yarinyar ta yi zazzaɓin dengi, ta kwana huɗu a asibitin gwamnati, aka sallame su ba su sayar da komai ba. Na san gidaje a unguwarmu da irin wannan jinya ta raba su da akuya ko keken ɗinki. A makarantar gwamnati kuma ana ba yarinyar abincin rana da madara kyauta. Da babu waɗannan biyun, da iyalin nan sun daɗe da durƙushewa.

Duk da haka bashi ne ke cike giɓin. Suna zubin adashi kamar namu, idan ya gaza kuma akwai masu ba da bashi da ruwa da ke yawo a kan babur da hular kwano suna karɓa kullum, ruwansu yakan kai kashi ashirin cikin ɗari a wata. Bashin da ke kan magidanta a ƙasar ya kai wajen kashi casa'in cikin ɗari na duk abin da tattalin arzikinta ke samarwa a shekara. Ba mamaki matasansu suka ja baya da haihuwa: tun 2021 masu mutuwa sun fi waɗanda ake haifa yawa, a 2024 kuma jariran da aka haifa ba su kai dubu ɗari biyar ba a ƙasa mai mutum wajen miliyan 66. Na taɓa tambayarta ko za su ƙara na uku, ta ce, "Pi, wa zan kai wa shi?"

Ga samarin da ke bugo mini, ku sani ko wannan bat 400 ɗin ba a ajiye muku shi ba. Tuƙin acaɓa da talla a titi doka ta keɓe su ga 'yan ƙasa, aikin ƙarfi kuma 'yan maƙwabta irin su Myanmar da Laos da Kambodiya ake ɗauka ta yarjejeniyar gwamnatoci. Wanda ya shigo da bizar yawon buɗe ido ya kama aiki, tsarewa da kora ke jiransa. A lardunan Pattani da Yala da Narathiwat na kudu, inda Musulmi suka fi yawa, mafi ƙarancin ladan ma bat 337 aka sa a farkon 2025.

A tsakiyar watan Mayu ake komawa makaranta a nan. Karatun kyauta ne, amma yarinyar na bukatar kayan makaranta kala uku, na kullum da na wasanni da na sikawut, ga takalma da jaka, kuma ɗan abin da makaranta ke bayarwa na kaya ba ya isa. A makon da aka koma na lura babu siririyar sarƙar zinaren da uwar ta saba sawa a wuya, wadda ta ce mahaifiyarta ce ta ba ta ranar aure. Ta kai ta gidan jingina na gwamnati, inda ruwan ya fi sauƙi. Takardar tana maƙale a bangon littafin, ta ce idan kwasar adashi ta zo kanta a watan Agusta za ta je ta karɓo.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani ɗan kasuwa Bakano mazaunin Bankok