Zuwa Ga Ƙanina Da Ya Tambaye Ni Batun Rassan Kamfanin Gem Na Tseren Motoci

Assalamu alaikum ƙanina,

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, a taron matasa masu harkar kwamfuta da aka yi a wani zaure kan titin Gidan Zoo, ka miƙe a gaban jama'a ka jefo mini tambaya, daidai lokacin da ladan ya fara kiran la'asar. In ban manta ba cewa ka yi: "Yaya, kai da ka tsufa a kan Gran Turismo, me ya hana kamfanin da ke yin sa ya buɗe rassa a ƙasashen waje ya huta da wannan jinkiri? In kuma zai buɗe, me zai hana ya zo Kano?" Mutane suka yi dariya a kan rabin tambayar na biyu. Ni kuma na ce maka "ya danganta", muka tashi alwala. Tun ranar wannan amsa take damuna, don amsar malalaci ce. Ban karɓi lambarka ba, sunanka ma ya ɓace mini, shi ya sa na rubuto a fili. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a nan ya kamata in biya ka.

Da farko dai kana da gaskiya a kan jinkirin. Ina da ɗan gidan gem a Fagge lokacin da Gran Turismo 4 ya fito, ƙarshen 2004 a Japan, ya iso mana daga baya. Muka zauna jiran na biyar. Yaron da nake kora ya tafi Islamiyya a lokacin, sai da ya gama sakandare kafin faifan ya fito a watan Nuwamba na 2010. A cikin waɗannan shekaru kuwa Microsoft ta fitar da nata wasan tseren, Forza Motorsport, sau uku: 2005, 2007 da 2009. Da na biyar ɗin ya zo, motoci sun haura 1,000, amma wajen 200 kawai aka ƙera sabbi fil har da cikinsu. Sauran an kwaso su ne daga zamanin PlayStation 2 aka ɗan goge musu fuska. Ƙarar injin kuwa, wani abokina bakanike a Ƙofar Ruwa ya saurara ya ce wannan ba mota ba ce, injin markaɗe ne.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin, Polyphony Digital, mallakar Sony ne, hedikwatarsa tana Tokyo, kuma shugabansa Kazunori Yamauchi mutum ne mai son komai ya bi ta ƙarƙashin idonsa. Shi da kansa ya ce mota ɗaya daga cikin waɗancan sabbin tana cinye wa mai zane kusan wata shida. Kada ka yi mamaki. Ni da nake koyar da zanen 3D na san abin da ake nufi: fitila kaɗai, da gilashinta da madubin cikinta da yadda haske ke karyewa a kanta, sai ta cinye maka kwanaki. Ga sitiyari, ga ɗinkin kujera, ga allurar da ke nuna gudu, ga zanen taya. Yanzu lissafa wata shida sau 200, ka raba wa mutanen da ke gida ɗaya a Tokyo, ka ga inda shekarun suka tafi.

Su kuwa masu Forza, wato Turn 10 da ke Redmond a Amurka, ba su tsaya wahalar da kansu ba. Suka raba aikin motocin ga 'yan kwangila: Glass Egg a birnin Ho Chi Minh na Biyetnam, da Dhruva Interactive a Bangalore ta Indiya. A aika musu hotuna da awo da ƙa'idoji, su ƙera, su turo, a duba, a mayar da abin da bai yi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A wannan ɓangaren ban ga abin musu ba: duk aikin da za a iya rubuta ƙa'idarsa a takarda a auna shi da ma'auni, to a fitar da shi waje. Ƙofar mota ko dai ta yi daidai da ta gaske ko ba ta yi ba, kuma wanda ke Bangalore zai gane hakan kamar yadda na Tokyo zai gane.

Amma akwai abin da ba ya rubutuwa a takarda, kuma shi ne ran wasan. Ina nufin yadda mota ke riƙe titi: abin da hannunka ke ji in ka shiga kwana da gudu ka ɗan saki totur, yadda nauyi ke komawa gaba in ka taka birki, daidai lokacin da tayar baya ke fara zamewa. Lissafi ne, ƙwarai, amma a ƙarshe mutum ne zai zauna ya tuƙa ya ce "a'a, ta cika sauƙi", a juya wata lamba kaɗan, ya sake gwadawa, sau ɗari a wuni. Je ka kowane gareji a Kano ka gani. Yara za su kwance, su wanke, su ɗaura, amma in an tayar da injin, oga ne zai karkata kai ya saurara ya ce a ƙara ko a rage. Ba a yin wannan ta waya. Tsakaninmu da Tokyo akwai tazarar awa 8. In mun fito aiki da safe su suna shirin tashi. Tambayar da za a warware cikin minti biyu in tebur na kusa da tebur sai ta kwana. Wannan ɓangaren, a ganina, dole ya zauna a ɗaki guda, kuma a nan taurin kan Yamauchi yana da rana.

Af, kada ka ɗauka Polyphony ba ta taɓa motsawa ba. Bayan girgizar ƙasar Maris 2011 ta mayar da wani kaso na ma'aikatanta Fukuoka, can kudancin Japan, don kada a tara ƙwai a kwando ɗaya. Tana kuma da ofisoshi a Amsterdam da Los Angeles. Ba ta da zaɓi ma: wanda zai auna titin Nürburgring na Jamus, mai tsawon fiye da kilomita 20, ko ya zauna da masu kamfanonin motocin Turai a kan lasisi, ko ya naɗi kukan injin da ke ajiye a garejin wani attajiri a Amurka, ba zai yi ta daga Tokyo ba. Sai dai ofis daban, reshe daban. A nan ne nake ganin tambayarka ta haɗa abubuwa uku a kalma ɗaya: ofishin da ke yi wa uwar kamfani aike, da ɗan kwangilar da ake biya a kan kowace mota, da reshen da aka danƙa wa wasa sukutum aka ce naka ne.

Na ukun shi ne wanda ya cancanci a sha wahalarsa. Dubi Playground Games a garin Leamington Spa na Ingila. Ba a ce musu su zana wa Turn 10 madubi da salansar mota ba. An ba su injin wasan, wato manhajar da aka gina shi a kanta, da motocin, aka bar su suka yi abin da ransu ke so, suka fito da Forza Horizon a 2012, inda ake tuƙi a sake cikin gari da daji maimakon zagaye fili. Suka kai shi Ostireliya a 2016, Birtaniya a 2018, Meziko a 2021. A 2018 Microsoft ta saye su baki ɗaya. Yau in ka shiga gidan gem ka ce Forza, yawancin yara Horizon suke nufi. Ƙane ya sha gaban wa, kuma gidan ne ya ci riba.

Me ya sa Leamington, garin da bai kai wasu unguwanninmu yawan jama'a ba? Saboda mutanen suna can tun tuni. Codemasters, waɗanda suka shahara da wasannin tsere, suna Southam nan kusa, kuma da yawa daga waɗanda suka kafa Playground daga can da makamantansa suka fito. Filin tsere na Silverstone ba shi da nisa. Mai son buɗe shagon kayan gyaran mota Ƙofar Ruwa yake nufa, ba Kantin Kwari ba, ko da hayar ta fi arha. Kamfanin EA ya gwada akasin haka: ya ɗora Need for Speed a kan Ghost Games a Gothenburg ta Suwidin daga 2013, amma a 2020 ya mayar da wasan wajen Criterion a Ingila, ya kuma faɗi a fili cewa jawo ƙwararru zuwa Gothenburg ya yi wuya. Suwidin fa ke nan, inda ba a ɗauke wuta.

To yanzu mu zo gida, inda aka yi maka dariya. Ni ban yi ba, amma ba zan yaudare ka ba: ba za su zo Kano yanzu ba, kuma ba ƙiyayya ba ce. Kwamfutar da ke irin wannan aiki tana shan wuta kamar dutsen guga, ga fayiloli masu nauyi da za a tura kullum, ga sirrin motocin da ba su fito kasuwa ba wanda kamfanoni ke tsarewa kamar ransu. Duk waɗannan kuɗi na maganinsu, sola da batir da layin intanet na musamman. Abin da kuɗi ba ya saye da wuri shi ne mutum goma sha biyar da kowannensu ya taɓa kai wasa ɗaya tun daga farko har kasuwa. Ba mu da su tukuna. Legas ma, da ke da irin su Maliyo Games tun 2012, wasannin waya ta fi ƙarfi a kai.

Ko da sun zo ma, ina so ka san irin baƙon da kake gayyata. Ubisoft ta Faransa ta buɗe reshe a Kasabalanka ta Maroko a 1998, ta rufe shi a 2016. Shekara 18. A Ingila kanta, Sony ta rufe Studio Liverpool a 2012, ta rufe Evolution Studios masu wasan tseren Driveclub a 2016. Activision ta sayi Bizarre Creations a 2007, ta rufe shi a 2011. In iska ta juya, reshen nesa ake fara sarewa, don wanda ke yanke hukunci ba ya haɗuwa da ma'aikatansa a hanya. Bambancin shi ne, a Ingila in an rufe ɗaya, mutanen sai su tsallaka titi su kafa wani. Mu kuma mun ga yadda namu ya kasance. Tambayi dattawan unguwarku labarin kamfanin haɗa manyan motocin Fiat da aka kafa nan Kano, ko na Peugeot a Kaduna da ya fara aiki a 1975. Mutanenmu sun iya ɗaurawa, sun ci abinci, sun aurar da 'ya'ya da albashin. Amma zanen motar da lissafinta ba su taɓa barin Turai ba.

Abin ma ya girmi mota. Fatun da magabatanmu suka jeme a ƙasar Hausa sun ratsa Sahara a bayan raƙuma, suka isa Turai da sunan fatar Maroko. Ni ma na ɗanɗana nawa ɗan ƙaramin. Shekarun baya na samu aikin ƙera ƙafafun mota guda talatin daga wani ɗan kwangila, wanda shi ma daga wani ya karɓa. Na yi wata uku a kai, rabi da janareto, an dawo mini da guda bakwai har sau biyu saboda kaurin ƙarfen ya kauce da abin da ido ba ya gani. An biya ni, ban ce an cuce ni ba. Amma da wasan ya fito na zauna na karanta jerin sunayen ƙarshe har ya ƙare, babu nawa, babu ma na wanda ya ba ni aikin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk da haka, in irin wannan aiki ya zo maka, karɓa da hannu biyu. A wata ukun nan na koyi abin da ban koya ba a shekara biyar ina lalube ni kaɗai: yadda ake sa wa fayil suna, yadda ake rage nauyin zane ba tare da ya lalace ba, yadda ake karɓar gyara ba tare da fushi ba. Dhruva ma da kwangila ta fara, ta kai ga Rockstar ta saye ta a 2019. Almajiranci ne, kuma ba laifi. Laifin shi ne mutum ya tsufa yana ɗauka shi ne malamin.

Saboda haka amsata ga rabin tambayarka na farko ita ce e, su buɗe. Su raba aikin motoci da tituna ga duk inda hannu yake, su riƙe lissafin tuƙi a gida, in kuma za su kira wani wuri reshe, to su ba shi wasansa da ikon cewa a'a. Na tabbata da akwai wani gida a Turai da aka ba dama ya yi wa Gran Turismo irin abin da Playground ya yi wa Forza, da tuni muna buga shi.

Rabi na biyu kuwa, ina ganin ka kalli gabas alhali abin yana bayanka. Babu wani a Tokyo ko Redmond da ya san yadda ɗan adaidaita sahu ke kutsawa tsakanin tirela da bas a ƙarƙashin gadar Ƙofar Nassarawa da ƙarfe biyar na yamma. Ba su san yadda mai ƙafa uku ke ɗaga ƙafa ɗaya in ya sha kwana da fasinja huɗu da buhun shinkafa ba, ko yadda birki ke yi a kan kwalta mai rairayi lokacin hunturu, ko abin da ke faruwa da zuciyar direba in ya hango 'yan KAROTA. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a farkon 2013, wannan keke mai ruwan ɗorawa ya zama fuskar garin nan. Ba ya buƙatar mota 1,000. Keke ɗaya ne, da hanya ɗaya daga Bata zuwa Kabuga, a kan wayar da ke aljihun kowa. Manhajojin haɗa gem da zanen 3D, irin su Unity da Godot da Blender, duk ana samun su ba tare da biyan ko sisi ba don fara koyo.

Ni da ɗalibaina uku mun fara. Mun gama bodin keken, saura ciki da ƙara. Lissafin tuƙin har yanzu bai yi ba, keken namu yana kifewa ko da iska ta kaɗa shi, kuma wani direba da muka ba ya gwada ya ce da haka nasa yake da tuni ya koma sayar da rake. Ranar Alhamis bayan azahar za mu je gareji mu naɗi kukan injin, a tsaye da kuma in an ba shi wuta. Waɗanda suka shirya taron nan sun san inda nake koyarwa. Ka zo da wayarka cike da caji, ka kuma sa rigar da ba ka jin tausayinta, don akwai baƙin mai.

Wassalam,
Yayanka da ya ce maka "ya danganta".