Amsa ga mai tambaya kan gidan harsashi mai cin 30 wajen farautar dabbobin ɓarna a Amurka

Assalamu alaikum, ɗan uwa.

Ka yi mana tambaya a gaban jama'a, don haka a gaban jama'a za mu amsa. Ka ce wani mai garken shanu a jihar Dakota ta Kudu ya ba ka izinin rage masa kuregen fili (wanda Turawa ke kira prairie dog) da suka rarake masa makiyaya, kana da bindiga ƙirar AR-15 mai cin harsashin .223 Remington, kuma kana so ka ji ko gidan harsashi mai cin 30, ko ma mai siffar ganga da ke cin 60, shi zai fi maka amfani. Shawararmu ita ce ka sayi mai cin 20 guda biyu ko uku, ka bar gangar a kanti.

Dalili na farko yana ga yadda ake harbin. Kuregen nan ƙarami ne, kuma daga nisan mita 150 zuwa 300 ake samunsa, don haka a kwance za ka yi harbi ko a kan tebur, bindiga bisa 'yan ƙafafunta biyu. Mai cin 30 dogo ne, gindinsa zai riƙa tokarar ƙasa, ya sa ka ɗaga ƙirji, gwiwar hannu ta rasa madogara, saiti ya fara rawa. Mai cin 20 ya fi gajarta sosai, yana barin bindiga ta zauna daram.

Abin da ya fi damunmu shi ne zafi. Bututun bindiga ne ke yanke maka yawan harbin da za ka yi, gidan harsashi ba ya ƙara masa juriya. In ka zazzage harsashi 30 cikin minti ɗaya ko biyu a ranar zafi, ƙarfe zai yi zafin da ba ya taɓuwa. Daga nan harsashi ya fara kauce wa inda ka saita, musamman in bututun siriri ne, hucin da ke tashi daga kansa kuma ya sa hoto ya riƙa kaɗawa a madubin hange. Mafi muni, wutar albarushi tana cinye maƙogwaron bututun, wato daidai inda harsashi ke fara kama zanen ciki, kuma wurin da ya cinye ba ya gyaruwa sai an sauya bututu. Yi harbi biyar zuwa goma, ka kai bayan hannu kusa da ƙarfen. In ba za ka iya riƙe shi ba, cire gidan harsashi, buɗe bindigar, ka ajiye ta a inuwa. Kada ka bar harsashi zaune cikin ɗakin bindiga mai zafi, wato gurbin da yake zama kafin a harba shi, albarushinsa zai ɗumama ya canza gudunsa.

Shi kansa gidan harsashin yana da nasa cututtukan. Leɓunan samansa in suka buɗe saboda faɗuwa, sai harsashi biyu su yi rige-rigen shiga, bindiga ta cije. Ƙurar fili tana shiga ciki ta riƙe sifirin. A kwance shi a goge da busasshen tsumma, kada a zuba mai, don mai ƙura yake kira. In an cika shi maƙil, wani lokaci yakan ƙi kamawa idan bindiga a rufe take, shi ya sa da yawa ke rage biyu. Bayan ka cusa shi, ja shi ƙasa ka tabbatar ya kama. Rubuta lamba a jikin kowanne, domin ka gane wanda ke ba ka matsala.

Akwai haɗari guda da muke roƙonka ka riƙe da hannu biyu. Harsashin .300 Blackout yana shiga irin gidan da .223 ke shiga, kuma yana iya cusuwa cikin ɗakin bindigar .223. In aka danna kunama a haka, bindiga fashewa take yi a hannun mai ita. In kana da su biyun, naɗa wa gidajensu tef mai launi daban, kada su haɗa jaka.

Mai cin 30 yana da wurinsa: aladun da suka koma daji a Texas, waɗanda ke shiga gona garke guda da dare su watse da ƙarar farko. Koyot, ɗan uwan dila, harbi ɗaya ko biyu yake ba ka, mai cin 10 ya ishe shi.

Kafin ka ɗauki hanya, duba dokar kowace jihar da za ka ratsa. Kalifoniya da New York sun iyakance gidan harsashi a mai cin 10, Kolorado kuma a mai cin 15 tun 2013. Dokar farauta ma daban take da ta mallaka: a Kolorado, bindiga mai ɗura kanta ba ta wuce harsashi 6 a farautar manyan dabbobi. A can Dakota ta Kudu, an hana harbin kurege a kwarin Conata, saboda wata dabba mai baƙaƙen ƙafafu, mai kama da tunku, da ta kusa ƙarewa kuma da kuregen take rayuwa.

Kada ka taɓa mushen da hannu, ƙumar jikinsa tana ɗauke da annoba mai kama mutum. In da hali, nemi harsashin da ba shi da dalma, domin shaho da gaggafa suna sauka kan abin da ka bari, ɓurɓushin dalmar kuma guba ne a cikinsu.

Wassalam.