A riƙa lissafa ginin gargajiya cikin sha'anin lafiya

Malam Edita,

Duk sanda aka tashi maganar Hasumiyar Gobarau ko ragowar ganuwar Katsina, zancen yawon buɗe ido ake yi. Ba a kawo na lafiyar mazauna gidajen da aka gina da ƙasa.

Ɗakin soro mai kaurin bango yana riƙe sanyin dare har rana ta take, ga shi na kwano a watan Afrilu ba ya zaunuwa. Tsofaffi da jarirai ne ke fara jin bambancin. Amma soro sai da kulawa: a share indararo kafin ruwan fari, a toshe tsaga, a sake yaɓe da makuba, wato haɗin ɓawon ɗorawa da ke kare bango daga ruwa. Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne shafe bangon ƙasa da siminti. Danshi ya shiga ba ya samun hanyar fita, ƙasar ta ruɓe daga ciki, wata rana shafen ya ɓallo gaba ɗaya, a ce laifin ginin gargajiya ne.

Muna roƙon masu bincike a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua su auna zafin ɗakunan biyu a unguwa guda tsawon bazara, su tambayi mazauna yadda suke barci. Gwamnati kuma ta ware kuɗin yaɓe duk shekara, ta biya tsofaffin magina su koyar da matasa.

Naku,
Wasu masu kishin ginin gargajiya, Katsina