Duka ba ya cikin albashinmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun shirinku na ranar 10 ga Oktoba maganar baƙon nan naku take ci mini rai, wai duk wanda ya zaɓi jinyar masu taɓin hankali ya san da duka ya shigo. Mai gabatarwa ma dariya ya yi ya wuce. Ni dai ban ga abin dariya ba.

Shekarata 14 a wannan aiki, kuma haƙorina na gaba na sawa ne. Wani dare, wajen ƙarfe 2, mu biyu kacal muke kan majinyata sama da 30. Akwai wani saurayi da aka kawo da yamma, kwana uku bai runtsa ba, yana jin muryoyi suna ce masa guba za mu ba shi. Na miƙa masa ƙwaya da kofin ruwa, ban ankara ba sai jin kofin na yi a bakina. A makaranta an koya mana cewa riƙe irin wannan majinyaci ba tare da an ji masa ciwo ba sai mutum biyar: ɗaya a kai, huɗu a hannuwa da ƙafafu. Mu biyu ne, abokiyar aikina kuma ga tsohon ciki. Da jini a rigata na zuƙi allurar haloperidol, maganin da ke kwantar da irin wannan majinyaci, haka kuma na ƙarasa aikin har gari ya waye, don babu mai karɓata.

Yaron ban riƙe shi a zuciya ba, ciwo ne. Da ya dawo hayyacinsa, kuka ya dinga yi yana roƙona gafara. Galibin majinyatanmu ma ba su taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, su ake cuta a waje. Haushina yana kan waɗanda na rubuta wa rahoto suka ce mini sai haƙuri. Haƙurin ne zai ƙaro ma'aikata? Shi zai gyara ƙararrawar neman agaji da ta mutu tun bara? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin kashi 8 zuwa 38 cikin 100 na ma'aikatan lafiya suna shan duka a rayuwar aikinsu. A ɓangarenmu, ban san wadda ta tsira ba. Yanzu ko ƙofa yarana suka buga da ƙarfi sai gabana ya faɗi, na hau su da faɗa ba gaira ba dalili.

Ku dawo da shirin, wannan karon ku gayyato nas mai aikin dare.

Sannan don Allah ku duba layin wayarku. Sau shida ina kira, ana ɗauka a bar ni ina jin kiɗa har katina ya ƙare.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya